Jar Dara da Masakin Iya

Wanda ya taso a Minna ta wancan zamani, tun ba a yi mata jiha ba, ya san abin da ke tashin garin da safe: kukan jirgin ƙasa da matan ƙauye masu itace. Jirgin yakan makara, matan ba sa makara. Gari na wayewa za ka hango su suna gangarowa daga bayan duwatsu a jere, kowacce da masakinta a kafaɗa, an jera itace ko doya a ciki har ya fi tsayin kanta, ta ɗan karkata wuya, hannu ɗaya na tallafe da kayan. Mu a bakinmu Gwarawa muke ce musu, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu. Ba sa ɗaukar kaya a ka. Kowa a garin ya san haka, har yaran da ke bin su da tsokana.

Rumfar tuwonmu tana jikin katangar reluwe, kusa da ƙofar da fasinja ke fita. Kakana ne ya biyo aikin dogo daga Zariya ya zauna, mahaifiyata ta kafa rumfar, da ta rasu na gaje ta da tukwanenta da masu cinikinta, wasu ma suna cewa har da bakinta. A cikin abin da na gada akwai Iya.

Iya tsohuwa ce siririya daga wani ƙauye ta wajen Paiko. Tun kafin a haife ni take kawo wa mahaifiyata itace, kuma abin ya daɗe da wuce ciniki. In azumi ya zo ba ta cin komai a gabanmu, sai ta ƙunshe rabonta ta tafi da shi. In sabuwar doya ta fito, ta farko tamu ce. Da Babbar Sallah kuwa cinya guda tata ce, ko da kuwa mu za mu ƙare da kayan ciki. Akwai wani tsohon turmi da aka kife a bakin murhu, nan take zama. In ta sauke kaya sai ta hau shi, ta tsoma yatsa a gefen ludayi ta ɗanɗana miyata, ta yamutsa fuska. A Hausarta babu mace babu namiji, kowa "kai" ne.

"Uwan ka ba ya sa gishiri haka," abin da take cewa ke nan, kullum.

Daga nan sai labari. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san mahaifiyata tun tana amarya, lokacin da take ƙona tuwo tana ɓoye ƙanzon a bayan rumbu, da ranar da ta bi wani ɗan dako da muciya har cikin taragon shanu. Ni na san uwata mai faɗa ce mai ciwon gwiwa. A bakin Iya nake ganinta tana gudu tana dariya. In faɗi gaskiya, itace zan iya saya a ko'ina. Wannan zaman na kan turmi shi nake jira kowace safiya.

Na taɓa tambayarta dalilin wannan wahalar kafaɗa, ga kai Allah ya ba ta lafiyayye. Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta tafiya da hannu. Ta ce kai yana da aikinsa, shi ke tunani, shi ke nuna wa ƙafa hanya, shi ne babba a jiki, wa ya taɓa ganin an ɗora wa babba itace? Ta ce tun da uwarta ta haife ta ko ƙoƙon ruwa bai taɓa hawa kanta ba, kuma haka take so a binne ta. Na yi dariya na ci gaba da tuƙin tuwona.

A lokacin 'yan doka ne ke tsaron gari, 'yan dokan En'e, wato hukumar gargajiya, kafin a zo a haɗe su da 'yan sanda a lokacin yaƙin basasa. Gajeren wando, kulki, usur a wuya, da jar dara a ka. Yawancinsu mun san su, mun san iyayensu, in sun matsa wa mutum ana iya kai ƙararsu gida. Sai a wata bazara aka kawo wani sabo aka tsayar a ƙofar tasha. Yaro ne dogo, ba ɗan gari ba, yana son darar nan kamar ransa. In ya wuce tagar ofishin tikiti sai ya tsaya ya gyara mata zama.

Ranar da abin ya faru jirgin Kudu ya iso a makare, ya haɗu da zuwan masu itace. Ƙofar ƙarama ce, ga fasinja ga 'yan dako ga awaki. Cikin turereniyar, wani reshe daga kayan Iya ya ɗauke darar yaron, ta faɗa cikin caɓin da ke ƙarƙashin famfon da ake shayar da injin jirgi. Wani akuya ya taka ta. Mutane suka fashe da dariya, kuma 'yan dakon tasha in suka sami abin dariya ba sa barin sa da wuri.

Farkon abin ba a gabana aka yi ba, labari na ji. An ce yaron bai ɗaga mata kulki ba. Ya ce ne ta sauke kayan, ta sauke, sannan ya ce ta ɗora a ka, yau za ta ɗauki kaya kamar mutane. Ta roƙe shi da Hausarta, ta durƙusa masa. Wani ɗan dako ya ce masa a bar tsohuwa, ba al'adarsu ba ce, yaron ya ce ai don haka ya faɗa. Ƙarshen abin kuwa da idona na gani. Na ɗago daga murhu na hango Iya tafe, masaki a tsakiyar kanta, ta riƙe shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da wuta, yaron na bayanta yana busa usur. Ba ta iya ba, kayan sai tangaɗi suke. Da ta iso rumfa ta sauke, ba ta dube ni ba, ba ta dubi turmin ba. Ta juya ta tafi ta bar masakin da itacen a ciki.

Na ɗauka fushin kwana ɗaya ne. Kasuwa ta ci ta sake ci, babu Iya. Da na tare matan ƙauyensu suka ce lafiyarta lau, amma ta ce ita da Minna har abada. Ranar na zubar da miya, na yi wa mai wanke-wanke faɗan da ba ta ci ba, na koma gida na ce wa maigidana ƙara zan kai.

Maigidana ma'aikacin reluwe ne, shi ke zuba wa injin gawayi, kuma zafin wutar nan ya ƙone masa duk wani zafin rai. Ya tambaye ni wurin wa zan kai ƙarar ɗan doka. Na ce wurin 'yan doka. Ya ce to in tuna rumfata a jikin katangar hukuma take, kuma duba-gari abokinsu ne, rana ɗaya zai leƙa randata ya ga abin da babu. Na ce ya leƙa. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ja bargonsa.

Caji ofis ɗaki ne mai kanta da dogon benci, yana warin taba da tsohon takalmi. Na tafi da masakin Iya don ya zama shaida. Wani kofur mai tumbi ya saurare ni yana sakace. Ya tambaya ko yaron ya doke ta, na ce a'a. Ya zage ta ta uwa? A'a. Ya ƙwace mata wani abu? A'a. To me ya yi? Na ce ya sa ta ɗauki kaya a ka. Ya dube ni, ya dubi sama da ni kaɗan, sai na ga tumbin ya fara rawa.

"To ke, uwar tuwo, wa ya sa ki? Faɗi sunansa mu kamo shi."

Sai a lokacin na tuna inda masakin yake. Tun daga rumfa a kaina na ɗauko shi, har da gammo, ban ko sauke ba da na shigo. Duk ofishin aka kwashe da dariya, har wani ɓarawon kaza da ke tsugune a bayan kanta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma kunya a wurina faɗa take zama. Na gaya wa kofur abin da ya sawwaƙa game da tumbinsa. Da ya share hawaye ya ce in ma laifi ne, wadda aka yi wa ita za ta zo da bakinta, ba maƙwabciya ba. Bai ko buɗe littafinsa ba.

Ranar Lahadi na rufe rumfa na nufi ƙauyen. Yanzu in ka bi ta Tunga sai ka toshe kunne saboda babura da a-daidaita-sahu. A lokacin kana wuce 'yan gidajen ƙarshe sai gonakin doya da kaɗanya da mangwaro, mangwaron ma har ya gaji da jiran mai tsinka ya faɗo da kansa. Wata motar katako ta rage mini hanya, sauran na taka.

Na same ta a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi maigidana, ta tambayi turmin ma, amma da na kawo maganar ƙara sai ta girgiza kai. Ta ce in ta je za su ce ta faɗi yadda aka yi, ƙila ma su ce ta gwada, su sake dariya. Na rantse mata ba zan bari ba. Na ce mata miyata ta lalace tun da ta daina zuwa. Ba ta yi murmushi ba.

"Yarinya na, duka Minna ya gani. Ni zai wuce wannan kofa da wane ido?"

Na yi mata sallama. Na dawo gida da ƙullin gyaɗa da baƙin ciki, ina ji a jikina an sake yi mini rasuwa.

Washegari na yanke shawarar tsallake kofur. Babban 'yan dokan garin wani dattijo ne da ya yi yaƙin Bama a sojan Turawa, ba ya yawan magana, kullum da hantsi yake zuwa ofis a kan baƙin kekensa. Na je na tsaya a bakin hanyarsa. Wannan karon na zuba itace a masakin na ɗora a kafaɗa, yadda mai shi ke yi. Allah ya isa tsakanina da wannan ɗauka. Kafin in kai, wuyana ya sage, hannuna ya mutu, itace ya zube mini a hanya har ban san iyaka ba, yara na bina suna cewa uwar tuwo ta zautu. Amma ya yi aiki. Dattijon ya hango Bahaushiya da masaki a kafaɗa, ya taka birki ya sauke ƙafa ɗaya.

Nan bakin titi na zayyana masa komai. Na ce masa mai ƙarar ba za ta zo ba, kuma rashin zuwan nata shi ne ƙarar. Ya ce in biyo shi. A ofis ya sa aka kira yaron, ya shigo ya ƙame, an wanke darar an goge ta tana sheƙi. Bai musa komai ba. Ya ce tsohuwar ce ta kayar masa da hula a gaban jama'a, shi kuwa bai taɓa lafiyarta ba. Dattijon ya tambaye shi me hula ta faɗuwa za ta rage masa. Ya ce mutuncinsa ne, ranka ya daɗe, abin da ke kan mutum ba abin wasa ba ne.

"Ashe ka sani," in ji dattijon. "Naka kan mai mutunci ne, nata kuma gammo. Ciro ta."

Yaron ya ciro darar ya miƙa. Dattijon ya rataye ta a ƙusa bayan kujerarsa. Ya ce ba zai kore shi ba, ba zai kai shi ko'ina ba, zai ci gaba da tsaron ƙofar tasha, amma da kai a buɗe. Ko ƙyalle ba zai ɗora ba. Darar kuma tana nan a ƙusa har ranar da tsohuwar za ta zo da ƙafarta ta ce ya isa. Na buɗe baki zan sake cewa ai ba za ta zo ba, ya dube ni ya ce shi ma ya ji da farko. Kofur a ranar har da buɗe littafi ya rubuta.

Wanda bai san bazarar Minna ba ba zai gane hukuncin nan ba. Rana takan sauka a kan duwatsu, duwatsun su mayar wa mutane. Ga yaron da askin ƙwal-kwabo, ga ƙofar tasha ko inuwar kara babu. Da farko daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Har fitowa nake da ludayi a hannu in kalle shi. Ɗan doka ba dara ba ɗan doka ba ne, yana busa usur 'yan dako na tambayarsa ko tsuntsu yake kira. Matan ƙauye kuwa in sun zo wucewa sai su rage tafiya su ƙare masa kallo, su kai labari gida. Amsar Iya ta farko da suka kawo mini gajera ce: ya tsaya.

Ya kuwa tsaya. Kan ya yi baƙi, ya fara saɓa, bayan wuyan ya yi ƙuraje. Da hular ta tafi sai na ga ashe yaro ne ƙarami, bai fi ƙanena ba, ga kunnuwa fato-fato. Ya daina gyara tsayuwa a tagar tikiti. Wata rana da azahar na ga ya dafa katanga yana lumshe ido, na aika masa da ruwa a ƙoƙo, na ce a gaya masa ba don shi na yi ba, don kada ya faɗi a ƙofar rumfata ne ya kore mini masu ciniki. Dariyar 'yan dako ma ta ƙare. Aka koma zuwa wurina ana cewa in je in ba dattijon haƙuri. Na je. Ya ce ai ba ni aka yi wa ba, ya nuna mini darar a ƙusa.

Na fara tsoron na ɓata goma ban gyara ɗaya ba. Iya ba ta dawo ba, ga ɗan mutane yana soyuwa a rana saboda bakina. Na daina aika mata saƙo. Matan dai ba su daina kai labari ba, kuma daga baya na ji har da hannu suke kwatanta mata yadda fatar kan ke ɓarewa.

Ran nan da safe, hadarin farko ya taso ya watse bai zubar ba, na ji ƙofar tasha ta yi tsit. Na leƙa. Matan na shigowa a jere, ita ce ta ƙarshe, da sabon masaki a kafaɗa, fari tas ko hayaƙi bai taɓa shi ba. Yaron ya gan ta, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, sai kawai ya durƙusa da kakinsa a cikin ƙasa ya ce ta yi masa aikin gafara. Ta tsaya a kansa. Ba fuskarsa take kallo ba, tsakiyar kan take kallo.

"Wane ne ya bar kai na yaro a rana haka? Ba shi da uwa?"

Ba ta jira amsa ba ta miƙe sai caji ofis, kayan na kafaɗarta, ni ina biye da ludayina, rabin tasha na biye da ni. Kofur ya miƙe tsaye har yana ture benci. Dattijon bai tambaye ta komai ba, bai ce ta faɗi yadda aka yi ba. Ya gaishe ta da yarensu, gaisuwa guda da ya iya, ya ciro darar daga ƙusa ya ba ta da hannu biyu. Ta dawo ƙofar tasha, ta kaɗe ta a zanenta, ta miƙa wa yaron. Ya sunkuyo da kai don ta sa masa, ta ja da baya, ta ce ya sa da hannunsa, ita ba ta taɓa kan mutum.

Daga nan ta wuce rumfa, ta sauke itacen a inda take saukewa. Na ɗauko tsohon masakin na kawo mata. Ta ce wannan ya riga ya hau kanta, ba ta so, in riƙe. Yana wurina har yau, ya tsage an ɗinke, jikokina sun ɗauka kwandon albasa ne. Rumfar ta tafi tun da aka faɗaɗa titi, jar dara ta tafi, yaron ma an ce ya yi ritaya da babban muƙami a wani gari, kuma duk zamansa a ƙofar tasha in masu itace za su wuce shi ke tare musu 'yan dako.

Ta gyara zane ta hau turmin. Na juya baya ina iza wuta da sabon itacen, don ban yarda da fuskata ba. Na ji ta jawo ludayi, sannan ta ce uwata ba ta sa gishiri haka. Hawaye suka ɓalle mini. Ta tambayi abin da ya same ni, na ce hayaƙi ne, itacen ɗanye ne.

"Karya ne," in ji Iya. "Ni bai taba kawo ma uwan ka danyen itace ba. Zauna, zai ba ka labari na shi."